Bature Mai Horar da Kifi

A Funtua, duk wanda ya tsaya a shagon maganin feshi na Bature ya tambayi maganin ciyawa, to ya shirya jin tarihin ciyawa tun daga kakanninta. Bature mutum ne da Allah ya hore wa baki. Ya fi manoman auduga sanin auduga, ya fi makiyaya sanin ciwon shanu, injin gurza kuwa daga jin ƙararsa sai ya gaya maka ƙusar da ta kwance. Abin da bai cika faɗa ba shi ne bai taɓa riƙe garma ba, kuma ko rago ya hango ɗaure a bakin hanya sai ya tsallaka ɗaya gefen, wai can ya fi inuwa.

To, surukinsa Alhaji Sada na Malumfashi tsufa ya fara taɓa masa gwiwa. Yana da gona a Ƙarfi, irin wadda in ka tsaya a wannan bakin ba ka hango wancan, ga shanun huɗa ƙosassu. 'Ya'yansa maza duk aiki ya watsa su cikin birane. Sai ya kira surukansa biyu, Bature mijin Rabi'atu da Mahadi mijin ƙanwarta, ya ce kafin ruwa ya sauka zai damƙa riƙon gonar a hannun ɗayansu.

"Ni ba ƙasar nake ji ba," in ji Alhaji, "shanun nake ji. Wanda ya iya da dabba, shi zan ba."

Mahadi ɗan kasuwar hatsi ne, magana na yi masa wuya kamar ana cire masa haƙori. Ya ce, "Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri." Bature kuwa ya dinga bayani a kan halayen shanu har shayin Alhaji ya huce. Ya fito daga gidan ya riga ya ga kansa a bakin gonar, da malafa da sanda, 'yan ƙwadago na durƙusa masa. Abu ɗaya ne ya rage, wato ya nuna dabbar da ya taɓa iyawa da ita, shi kuwa ko kaza ba ya kiwo.

Akwai abin da kowa ya sani game da Alhaji Sada. A falonsa akwai akwatin gilashi, a ciki akwai wani tsohon kifi mai ruwan zinare, da doguwar wutsiya da yake ja a baya kamar babbar riga. Marigayiya Hajiya, mahaifiyar su Rabi'atu, ita ta raine shi tun yana ɗan mitsitsi, ta sa masa suna Dattijo saboda ba ya gaggawa. Tun da ta rasu Alhaji ke ba shi abinci da hannunsa, in la'asar ta yi kuma ya ja kujera ya zauna a gabansa. Ba wanda ya taɓa tambayarsa me suke tattaunawa.

Ana nan sai Bature ya je Kaduna sarin kaya. A wani shago ya ga kifayen ado cikin gilashi, idonsa ya faɗa kan wani ƙato ja, shi kaɗai a akwatinsa, da ƙullutu a goshi kamar an ɗora masa goruba. Bature ya ɗora yatsa a jikin gilashin. Kifin ya taso a guje ya kai wa wurin karo har ruwan ya girgiza.

"Wannan wane iri ne?"

Mai shagon ya ce, "Dangin karfasa ne, Alhaji, amma na waje. Faɗa gare shi. Shi kaɗai ake ajiye shi, ba ya zama da kowa."

Bature bai taɓa zuwa ko filin jirgi ba, saboda haka wannan Alhajin ya yi masa daɗi ƙwarai. Ya gyara hula.

"Ba ya zama da kowa, ko dai ba ku iya ba? Dubi tozon nan da kyau. Wannan bijimi ne, a ruwa kawai ya tsinci kanshi. Mu a wajenmu, bijimin da ya fi wannan hauka muna sa shi ya ja garma yana sunkuyar da kai. Ɗaure mani shi. Ka haɗa mani da waɗancan ƙananan masu launi-launi, su zama garkenshi."

"Alhaji, zai cinye su fa."

"Kai dai ɗaure."

A hanya ya gama tsara komai. Alhaji Sada na son dabba, Alhaji Sada na son kifi. In ya ga kifin da ya gagari Kaduna ya zama ɗan lele a hannun Bature, ai magana ta ƙare, Mahadi ya koma wa buhunan masararsa.

A zaure ya girke akwatin, don kada wani ya wuce bai gani ba. Ya zuba tsakuwa, ya dasa ciyayin roba, ya kunna ɗan injin da ke fitar da kumfa. Kafin ya gama, maƙwabta sun cika zauren, Lawal tela da Rabe mahauci a sahun gaba.

Lawal ya leƙa ya ce, "Bature, wannan ai karfasa ce ta yi karo da bango."

Rabe ya ce, "Ni dai in soyawa za a yi, kan nan nawa ne."

"Rashin sani dai bai yi ba," in ji Bature. "Sunanshi Mai Tozo. Zan hore shi yadda ake horar da bijimi. Ranar da Baba Alhaji ya gan shi yana cin abinci a tafin hannuna, ku da kanku za ku raka ni Ƙarfi kuna roƙon in ba ku aikin cirar ciyawa."

Rabi'atu ta leƙo daga cikin gida. Mace ce mai sanyin hali, ta daɗe da koyon jin maganar mijinta da kunne ɗaya.

"Baban Kausar, mai shagon bai ce maka komai a kanshi ba?"

"Ya ce wai ba ya zama da kowa."

"To?"

"To mi? Ɗan birni ne, ko turke bai taɓa gani ba."

Ya juye ƙananan kifayen a ciki, suka bazu gwanin sha'awa, aka kira azahar, kowa ya tafi masallaci. Da aka dawo, Mai Tozo na nan tsakiyar ruwa, cikinsa ya yi tulu, garke kuwa babu ko ɗan maraƙi.

Bature ya duba bayan ciyayi, ya duba ƙarƙashin tebur. Ya miƙe ya ce, "Kyanwa ce. Rabi, na sha gaya maki kyanwar gidan nan ɓarauniya ce."

"Kyanwar da ta shiga ruwa ta fito ko gashinta bai jiƙe ba?"

Daidai nan Mai Tozo ya buɗe baki ya tofo wata 'yar wutsiya shuɗiya, ta yi ta lilo har ta sauka kan tsakuwa.

Lawal ya ce, "Ga kyanwar nan tana gyatsa."

Wani zai ji kunya, amma ban da Bature. Ya ce dama gwaji ne, yana so ya ga ƙarfin cin dabbar kafin ya tsara mata abinci.

Washegari aka tarar Mai Tozo ya tumɓuke ciyayin roba kaf, suna yawo a saman ruwa. Tsakuwar kuma ya dinga ɗibarta da baki yana tofarwa gefe guda, har ya tara tudu a nan, ya haƙa rami a can. Bature ya yi tsalle ya fita titi yana kiran mutane.

"Ku zo ku gani! Na ce maku bijimi ne kuka yi mani dariya. Ga shi nan yana huɗa! Ba wanda ya koya mashi, jinin noma ne a jikinshi."

Rabe ya ce, "To kai mashi irin masara mana, tun da ya gyara gona."

Daga nan horo ya kankama. Bature ya samo tsumagiya, ya tsaya gaban gilashi yana ƙwanƙwasawa yana daka tsawa irin ta masu huɗa. In ya ce dama, Mai Tozo ya kai wa tsumagiyar karo. In ya ce hagu, ya sake kai mata karo. Bature ya ce alamar fahimta ce, tun da duk inda aka nuna yana zuwa.

Sai ya tuna sa ba ya sabawa da mutum sai ya lashi kanwa a hannunsa. Ya jiƙa dusa da kanwa ya antaya a ruwan. Kafin la'asar ruwan ya koma kamar kunu, zauren ya ɗau wari, har masu wucewa na tambaya ko ɓera ne ya mutu a rufi. Rabi'atu ce ta yini tana ɗibar ruwa tana canzawa, Bature na tsaye yana nuna mata yadda ake riƙe bokiti.

Da ruwan ya washe, ya tara mutane ya ce yau zai shafa tozon. Ya naɗe hannun riga, ya yi bismillah da ƙarfi don kowa ya ji, ya tsoma yatsa yana cewa, "Zo nan, ɗan albarka, zo wurin ubangidanka."

Ɗan albarka ya zo. Ihun da Bature ya yi sai da awakin maƙwabta suka amsa. Ya fizge hannu, ruwa ya watsu a fuskar Lawal, yatsa na ɗigar jini.

"Ya cije ka?" in ji Rabe.

"Wane irin cizo? Sumbata ce. Bai san ƙarfin bakinshi ba ne kawai."

"To Allah ya raba mu da irin wannan soyayyar."

Bature ya naɗe yatsa da tsumma, ya zauna ya yi tunani, abin da ba kasafai yake yi ba, kuma duk lokacin da ya yi sai an yi asara. Ya ce kaɗaici ne ke damun Mai Tozo, yana buƙatar abokin aiki daidai girmansa. Ya je kasuwa ya sayo tarwaɗa mai rai, baƙa wuluk, mai gashin baki kamar tsohon ɗan sanda. Ya ce wannan ta ga duniya, ba za a raina ta ba.

Tarwaɗa ta sauka a ruwa ta yi zagaye ɗaya. Ba ta kai ga na biyu ba. Mai Tozo ya bi ta kusurwa-kusurwa, ya fige mata gashin baki na gefe guda, ya dinga dukanta da goshi. Da tarwaɗa ta ga abin ba na ƙarewa ba ne, sai ta tattara ƙarfinta ta yi tsalle ta dire a ƙasan zaure, ta kama jan ciki ta nufi tsakar gida.

Lawal ya dafe ciki. "Wallahi yau na ga kifin da ya gwammace tudu! Bature, ka bar ta ta tafi, ta yi murabus."

Rabi'atu ta tsince ta a bakin madafi. Da yamma an ci tuwo da miyar kifi, kuma shi ne kaɗai amfanin da gidan ya samu a wannan kiwon.

Labari ya kai Malumfashi. Mahadi ya biyo ta shagon Bature wata rana, ya dubi yatsan da ke naɗe, ya ce, "Sannu. An ce kana kiwo." Bai ƙara ko kalma ba, amma Bature ya kwana uku yana jin wannan sannun a ƙirjinsa. Ga gajimare ya fara haɗuwa ta gabas, manoma sun fara gyaran garma. In bai yi wani abu ba, gonar Ƙarfi za ta wuce shi yana kallo.

Nan ne babbar dabara ta faɗo masa. Ya sami su Lawal a majalisa ya ce, "Na gano kuskurena. Tarwaɗa ba ta da tarbiyya. Ku da kuka tashi a ƙauye, bijimi mai hauka da wa ake haɗa shi?"

Rabe ya ce, "Da tsohon sa mai haƙuri. A ɗaure su turke kusa da turke su saba, sannan a haɗa su a garma ɗaya, tsohon ya riƙa jan shi har ya koyi tafiya."

"Madalla! Ashe kan naka ba na sayarwa ba ne kaɗai."

Wannan kam gaskiya ne, haka ake yi tun daga Ƙarfi har Mahuta. Sai dai da shanu ake yi. Kuma a duk faɗin ƙasar nan, tsohon kifi mai haƙuri guda ɗaya Bature ya sani.

Ya shirya ya tafi Malumfashi gaida suruki. Ya durƙusa ya kwashi gaisuwa, sannan ya matsa gaban Dattijo ya tsura masa ido, ya girgiza kai, ya yi tsaki a hankali.

Alhaji ya ce, "Lafiya?"

"Baba, kifin nan ya rame. Ba ka ga idonshi ya faɗa ba? Ruwan garin nan ne, ya yi mashi nauyi. Ka ba ni shi ya ɗan sha ruwan Funtua, ya canza iska. Yanzu ai harkar kifi a hannuna take."

Dattijo lafiyarsa lau, amma mai son abu ba ya rasa abin tsoro. Alhaji ya duba, ya sake dubawa, har ya fara ganin ramar da babu ita.

"Don Rabi'atu na gidan na yarda," in ji shi. "Ta san yadda uwarta ke yi mashi. Amma shi kaɗai za a ajiye shi, Bature."

"Shi kaɗai, Baba. Ko ƙuda ba zai sauka kusa da shi ba."

Da Rabi'atu ta ga abin da ke cikin bokitin da Bature ya shigo da shi, nan take ta gane Dattijo ne. Ta karɓe ta kai ɗakinta, ta ce nan zai zauna a baho har a mayar da shi. Bature ya bi ta da magana, safe da rana, har ya kawo wata ragar waya da kafinta ya yi wa katako, ya raba akwatin gida biyu.

"Kin gani? Kowa da turkenshi. Kallon juna kawai za su yi."

"Baban Kausar, kifin Inna ne. Shi kaɗai ya rage a gidanmu da ta taɓa da hannunta yana numfashi. Ka yi mani alkawari ba za ka cire ragar nan ba."

"Haba Rabi, sai ka ce yaro? Na yi."

Aka saka Dattijo a nasa ɓangaren. Mai Tozo ya tsaya cak, jan jikinsa ya ƙara ja, ya baza ƙayoyin bayansa, sannan ya zabura ya daki ragar. Ya ja baya ya sake dukanta. Dattijo ya lallaɓa can ƙarshen kusurwa ya manne da gilashi.

Bature ya ce, "Kun ga ladabi? Gaishe shi yake yi."

Lawal ya ce, "Yo gaisuwa da karo?"

"Haka shanu ke gaisawa. Kai da allura ka sani."

Bayan 'yan kwanaki goshin Mai Tozo ya gaji da waya, ya rage dukan, ya koma tsayawa a bakin ragar yana kallon Dattijo ba ƙiftawa. Duk mai ido ya san irin wannan kallon, Rabe ma ya ce haka yake kallon rago in Sallah ta matso. Bature kuwa ya ce an gama, sun saba, saura haɗawa a garma. Ya aika wa Alhaji cewa ya zo ran Juma'a ya ga abin mamaki, ya kuma taho da Mahadi don shi ma ya ƙaru.

Ran Juma'a bayan an sauko, zauren Bature ya cika maƙil. An shimfiɗa tabarmi, kowa da farar shaddarsa, takalma jere a bakin ƙofa. Rabi'atu na can madafi tana fama da girkin tarbar mahaifinta. Da Bature ya ji tsayuwar motar Alhaji, sai ya waiga dama da hagu, ya zare ragar ya cusa bayan ƙofa, ya ɗauko sabuwar atamfar Rabi'atu ya lulluɓe akwatin ruf. Abin mamaki ai ba a nuna shi haka kawai, sai an yi jawabi.

Aka zaunar da Alhaji a kujera, Mahadi ya rakuɓe a gefe. Bature ya yi gyaran murya.

"Baba, jama'a, kiwo ba ƙarfi ba ne, ilimi ne. Dabba tana da zuciya kamar mutum, kuma wanda ya san..."

Ƙum! Atamfar ta motsa.

"...wanda ya san zuciyar dabba, ko zaki ne zai mayar da shi ɗan akuya. Ni tun ina ƙarami..."

Ƙum! Ƙum! Ruwa ya tsarto ta ƙarƙashin zanen ya jiƙa gwiwar Lawal.

Mahadi ya ce, "Kamar ana dambe a ciki."

"Murna ce. Sun ji muryata." Bature ya ɗaga murya don ta rufe ƙarar. "Abin da ya gagari mutanen Kaduna, da iliminsu da gilashinsu, ni na zauna na yi nazari, na ɗauko hikimar iyayenmu ta shanun huɗa..."

Alhaji ya katse shi. "Ina Dattijo?"

"Yanzu za ka gan shi, Baba. Yana bakin aiki."

"Wane aiki?"

"Aikin tsohon sa. Shi ke koya wa..."

Alhaji Sada ya manta da ciwon gwiwa. Ya miƙe tsaye ya fizge atamfar da hannunsa.

Ruwan ya cika da zare-zaren zinare suna yawo sama da ƙasa. Dattijo na kwance a gefe ɗaya cikin kusurwa, babbar rigar nan babu ita, ya koma kamar ƙwallon mangwaron da yara suka tsotse. Mai Tozo na tsakiya, da ragowar wutsiya a baki, yana ja da baya don ya sake tasowa.

"Innalillahi!" in ji Alhaji.

Bature ya zunduma hannu har kafaɗa don ya raba. Mai Tozo ya saki wutsiya ya kama tsohon wurin da ya sani, wato yatsan nan mai tsumma. Bature ya kurma ihu ya yi baya, hannun rigarsa ya sarƙe a bakin akwatin, tebur ya karkata. Rabe ya yi kukan kura zai tare, santsi ya kwashe shi. Akwatin ya kifo gaba ɗaya, ruwa ya malale zauren, ya bi ta kan tabarmi da fararen shaddodi, ya kwashi takalman jama'a ya yi titi da su. Masu fita na karo da masu shigowa kallo. Wani tsoho ya haye kan benci yana tattare riga yana salati. Mai Tozo kuwa ko a ƙasa bai tuba ba, yana ta tsalle yana neman babban yatsan ƙafar Rabe, har Lawal ya kife shi da bokiti.

Rabi'atu ta fito a guje da kwanon da take wanke shinkafa. Ba ta dubi kowa ba. Ta durƙusa cikin ruwan ta lalubo Dattijo a gindin kujera, ta sa shi a kwanon, ta zuba masa ruwan randa. Ya daɗe a kwance. Can sai bakinsa ya buɗe, ya rufe, ya sake buɗewa. Hawaye suka zubo mata, na baƙin ciki da na haushi a haɗe, ba ta kuma ɓoye su ba.

Ko a nan bakin Bature bai mutu ba. Ya matso, riga sharkaf, yatsa a hammata.

"Baba, ka san ranar farko ta horo haka take. Ko shanu ma sai an ɗan..."

Alhaji ya ɗaga masa hannu. Ya karɓi kwanon daga hannun 'yarsa ya daɗe yana kallon abin da ke ciki, idanunsa sun kaɗa. Da ya yi magana, a hankali ya yi ta, amma har na bakin titi sun ji.

"Ba laifinka ba ne, Bature. Ni na fara wannan dabarar. Na ɗauki mai haƙuri na haɗa da mai hauka, na ce zai koyi tafiya." Ya dubi Rabi'atu, ya girgiza kai. Sannan ya juya. "Mahadi, gobe ka je Ƙarfi ka karɓi shanun."

Mahadi ya ce, "To, Baba," yana matse bakin wandonsa.

Alhaji ya nufi mota da kwanon, ruwan na tangaɗi. Rabi'atu ta shiga ciki ta fito da mayafi, 'yarta Kausar a bayanta, ta karɓi kwanon ta ce ita za ta riƙe masa har gida.

Bature ya bi ta har bakin mota. "Rabi, ai sai ki bari a ci abinci. Yaushe za ki dawo?"

"Sai wutsiyar ta tsiro," in ji ta, ta ja ƙofa.

Mota ta tashi. Jama'a suka watse neman takalma a kwata, kowa na riƙe da ƙafa ɗaya yana cigiyar ɗayar. Ya rage daga Bature sai Lawal a zauren, sai bokitin da aka zuba wa ruwa, Mai Tozo na ciki yana dukan gefensa, ƙum, ƙum. Bature ya zauna kan jiƙaƙƙiyar tabarma. Can ya yi ƙasa da murya, yadda ba a taɓa jin ya yi ba.

"Lawal, don Allah, wutsiyar kifi tana tsirowa kuwa?"

Lawal ya zazzage ruwan da ke cikin hularsa ya kifa ta a kai.

"Ni da allura na sani," in ji shi. "Tambayi bijiminka."